FASSARAR ƘASAN FIM: Kowa ya zuba tasa a rumbu, ina tamu?

Mai karatu, in dai ka na cikin masu kallon finafinan ƙasashen waje a waya ko a kwamfuta, to na san ka san wannan takaicin. Ka ƙona data ka sauko da fim, ko ka kai memori wurin mai turi ya cika maka, ka dawo gida ka kishingiɗa ka kunna, sai ka ji ana ta zuba Koriyanci ko Turkanci, ƙasan allo kuwa fayau, babu ko harafi ɗaya. Hoto garau, sauti raɗau, amma ba ka san wa ke zagin wa ba. Daga nan sai a shiga farautar abin nan da samari ke kira sabtaitil, wato rubutun fassarar da ke fitowa layi biyu a ƙasan allo.

A nan Zaitawa, cikin birnin Kano, wannan farauta ta zama ƙaramar sana'a da ba ta da shago. Kusan kowace majalisar samari akwai mutum ɗaya da aka sani da iya ta. Bayan sallar isha'i za ka ji ana tambayar sa: "Ka samo mana na kashi na tara?" Shi kuma ya tura ta Xender ko WhatsApp, ya ƙara da gargaɗin cewa wannan ya na riga magana da daƙiƙa biyu, sai an ja shi baya. Har cikin gida mata na aiko ƙannen su da waya a sa masu. Yaron da bai taɓa jin sunan makarantar koyon fim ba ya san fassara mai kyau da maras kyau, ya kuma san ranar da aka cuce shi.

Abin da na ke so mu duba a wannan watan shi ne, wannan ɗan mitsitsin fayil ya na koya wa 'yan kallo darasin da masu shirya finafinan mu su ka daɗe su na ƙin ɗauka: fassara ɓangare ce ta fim, kamar hoto da sauti. In ta lalace, fim ya lalace. Sannan duk wanda ya leƙa rumbunan da ake ajiye waɗannan fayiloli zai ga wani abin kunya, wato mu Hausawa ɗiba kawai mu ke yi, ba mu zubawa.

Zamanin kallo da ido kawai

Ba yau mu ka fara kallon abin da ba mu jin yaren sa ba. Tun da 'yan kasuwa Kwarori su ka buɗe silimar Rex a Kano a 1937, aka biyo da irin su Palace da Plaza da Orion da El Dorado, mutanen garin nan ke zama gaban majigi su na fassara wa kan su. Iyayen mu sun kalli Mother India, fim ɗin 1957, sau ba adadi, ba tare da sun iya Indiyanci ba. Da fuska da kuka da kiɗa su ke gane labari. Har sunaye su ka raɗa wa jaruman: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuma aka ce masa Mace. Baturen nan mai bincike, Brian Larkin, ya yi rubutu mai yawa a kan wannan soyayya ta Kanawa da fim ɗin Indiya. Daga baya aka samu irin su Nazir Magoga, da ya dage ya koyi Indiyanci ya riƙa fassara waƙoƙin su da Hausa a littafi da kuma rediyo.

Wancan salon kallo ya yiwu ne domin finafinan Indiya na lokacin su na faɗin komai da jiki. Mugu da ganin gashin bakin sa ka san mugu ne. Amma da faifan DVD na 'yan Chana ya shigo a shekarun 2000, mai ɗauke da fim goma ko ashirin a faifai guda, sai labari ya sauya. Prison Break da 24 da Jumong ba su kalluwa da ido kawai. Jumong, wanda tashar MBC ta Koriya ta Kudu ta nuna daga 2006 zuwa 2007, kashi 81 ne cur na makircin fada da siyasar sarauta. In ba ka san abin da sarauniya ta raɗa wa waziri ba, ka tashi a tutar babu. A nan ne mu da mu ka taso a lokacin mu ka koyi kallo da ido biyu, ɗaya a fuskar jarumi, ɗaya a ƙasan allo.

Fassarar waɗancan fayafayan kuwa, sai dai a ce da babu gara ba daɗi. Da yawa an juya su ne daga Turanci zuwa Sinanci, sannan na'ura ta sake juyo su Turanci. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne kwafin satar fim ɗin Star Wars kashi na uku da aka samu a Chana a 2005, inda ihun da Darth Vader ya yi na "a'a" ya koma "Do not want" a rubuce. Turawa sun mai da abin barkwanci har yau. Mu kuwa da irin su mu ka koyi rabin Turancin mu.

Me ke cikin fayil ɗin?

Yau faifai ya mutu, kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai ta zama tarihi, harka ta koma waya. Fim ya na zuwa daban, fassarar sa daban. Mafi yawan fayilolin nan sunan su na ƙarewa da haruffan SRT, kuma in ka buɗe ɗaya da manhajar rubutu za ka sha mamakin sauƙin sa. Lamba ce a sama, sai lokacin da rubutu zai bayyana da lokacin da zai ɓace, sai maganar kan ta, sai a bar fili a shiga na gaba. Shi ke nan. Nauyin fayil ɗin fim mai awa biyu bai kai na hoto ɗaya da ka ɗauka da waya ba. Ka sa masa suna iri ɗaya da na fim ɗin, ka ajiye su wuri guda, VLC ko MX Player za su ɗauko shi da kan su.

Inda gizo ke saƙar shi ne daidaito. Fim ɗaya na iya fitowa da siga huɗu ko biyar: na silima, na talbijin, na faifai, na intanet, wani da tallar kamfani a farko, wani an yanke masa wurare. Fassarar da aka auna da wannan ba za ta hau wancan ba. In tazarar iri ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe, da sauƙi. A kwamfuta maɓallan G da H na VLC su na ja da rubutun gaba ko baya. Amma in ka ga an fara daidai, can tsakiya rubutu ya tsere wa magana, to matsalar gudun hoto ce. Wani kwafin na tafiya da hoto 25 a daƙiƙa, wani 23.976. Bambancin kamar ba komai ba, amma a fim mai awa biyu ya na taruwa ya kai kusan minti biyar. Sai ka karanta mutuwar jarumi tun ya na raye ya na shan shayi. Maganin sa shi ne ka nemi fayil ɗin da sunan sa ya yi daidai da sunan kwafin da ke hannun ka, harafi da harafi.

Rumbunan da ake zuwa ɗiba sanannu ne. OpenSubtitles ne babba. Subscene, wanda samarin mu su ka fi sabawa da shi saboda finafinan Indiya da Koriya, ya rufe a watan Mayu na 2024 bayan shekaru masu yawa, mutane su ka wayi gari su na neman madadi. Darasin da ke nan shi ne, rumbun da ba naka ba, ranar da mai shi ya ga dama zai sa kwaɗo.

Araha ba ta ado

Kada mai karatu ya ɗauka abin kyauta ba shi da farashi. A watan Mayu na 2017 kamfanin tsaron kwamfuta na Check Point ya nuna cewa ana iya cusa mugun abu a cikin fayil ɗin fassara, wanda da zarar VLC ko Kodi sun buɗe shi, ɓarawo zai iya karɓe ragamar na'urar. Masu manhajojin sun toshe ɓarakar, amma wanda har yau ke amfani da tsohuwar manhajar da aka tura masa shekaru goma da su ka wuce, shi ya sani. Haka kuma a Janairun 2022 OpenSubtitles ya fito ya amsa cewa an yi masa kutse tun watan Agustan 2021, an kwashi bayanan mutum sama da miliyan shida. Saboda haka kada ka yi rajista a irin waɗannan wurare da kalmar sirrin da ka ke buɗe imel ko asusun banki da ita. In kuma ka danna neman fassara aka ce sai ka sauke wata manhaja tukuna, ko fayil ɗin ya zo da EXE ko APK a ƙarshen sunan sa, gudu ya kama ka. Fassara rubutu ce zalla.

Akwai kuma maganar doka. Mutane da yawa na ganin tunda su su ka zauna su ka fassara da kan su, ba su taɓa haƙƙin kowa ba. Kotuna a Turai ba su yarda ba. A Siwidin 'yan sanda sun rufe rumbun Undertexter a 2013, aka kuma samu mai shi da laifi a 2017. A shekarar 2017 ɗin dai wata kotu a Amsterdam ta ƙasar Holan ta yanke cewa fassara maganganun fim a rarraba ba da izinin mai shi ba keta haƙƙin mallaka ne. Hujjar su ita ce maganganun fim rubutun wani ne, fassarar su kuma reshe ce daga wannan rubutun. Ba na kawo wannan don in tsorata ɗan Zaitawa mai neman kashi na tara ba. Na kawo shi ne don furodusan mu ya ji: abin da shi ya ke ɗauka shara, a wasu ƙasashen dukiya ce da ake zuwa kotu a kan ta.

Aikin gwani ne

Wa ke rubuta waɗannan dubban fayiloli? Wasu an ciro su ne daga faifai ko daga manyan kamfanoni. Sauran kuwa aikin 'yan sa-kai ne: ɗalibi a Jakarta, malamar makaranta a Alƙahira, injiniya a Tehran, waɗanda ke hana idon su barci don mutanen ƙasar su su fahimci fim da yaren su. Dandalin Viki ma a kan irin waɗannan masu sa-kai ya ginu, su na fassara wasannin Koriya zuwa harsuna barkatai.

Kuma aikin ba wasa ba ne, ya na da ƙa'idoji. Netflix, alal misali, ta gindaya wa masu yi mata fassarar Turanci cewa layi ba zai wuce biyu ba, kowane layi kada ya haura harafi 42, rubutu kada ya wuce daƙiƙa bakwai a allo, kuma kada a tilasta wa babba karanta fiye da harafi 20 a daƙiƙa guda. Wato mai fassara tilas ya zama mai tsimi. Jarumi ya yi magana mai tsawon zira'i, kai ka mai da ita taƙi, ba tare da ka zubar da ma'ana ko zafin ta ba.

Dubi Parasite, fim ɗin Koriya da ya ci babbar kyautar Oscar a Fabrairun 2020, na farko da ba na Turanci ba da ya taɓa yin haka. Wanda ya fassara shi, Darcy Paquet, Ba'amurke ne da ya daɗe a Koriya, kuma ya zauna da daraktan, Bong Joon-ho, su ka bi layi-layi. Inda aka ambaci babbar jami'ar Seoul a cikin wata raha, sai ya sa Oxford, don ya san baƙo ba zai ji nauyin sunan farko ba, dariyar kuma za ta wuce shi. Inda aka ambaci manhajar hira ta 'yan Koriya, ya sa WhatsApp. Daraktan da kan sa, a bikin Golden Globes na Janairun 2020, ya kwatanta fassarar ƙasan allo da wata 'yar katanga mai tsawon inci ɗaya, wadda in mutum ya tsallake ta zai tarar da finafinai masu ban mamaki. A ɗaya gefen kuma, da Squid Game ya fito a 2021, masu jin Koriyanci sun yi ta ƙorafin cewa rubutun Turancin ya rage wa wasu 'yan wasan kaifi. Ka ga ke nan ko masu kuɗin duniya in su ka yi sakaci sai an kama su.

To, ina Hausa?

Yanzu mai karatu ka buɗe ɗaya daga rumbunan nan, ka rubuta sunan kowane babban fim, ka duba jerin harsuna. Ga Larabci, ga Farisanci, ga yaren Indunusiya, ga na Biyetnam. Har harsunan ƙananan ƙasashen Turai irin su Estoniya da Sulobeniya, waɗanda duk mutanen ƙasar ba su kai mutanen birnin Kano yawa ba, za ka gan su reras. Nemi Hausa. Za ka sha wuya kafin ka samu fayil ɗaya tak. Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Kano zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Sudan, harshen da BBC ke watsa shiri da shi tun 1957, ba shi da rumfa a wannan kasuwa.

Sakamakon haka, Bahaushe na kallon Baturke ta bakin Bature. Diriliş: Ertuğrul, wanda tashar TRT ta nuna daga 2014 zuwa 2019, cike ya ke da gaisuwar girma da addu'a da maganar sarauta waɗanda Hausa ke da takwarorin su kai-tsaye. Amma sai sun bi ta Turanci, an tace su sun zama salam, sannan su iso mana. Wanda bai yi boko mai zurfi ba kuwa, ko wannan bai samu ba.

Za a ce ai mun samo tamu hanyar, wato Indiya-Hausa. Gaskiya ne, kuma ban raina ta ba. Abin da Algaita da takwarorin ta su ka yi a shekarun 2010, na ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, ya kai fim ga tsohuwa da yaro da wanda bai iya karatu ba, har 'yan Kannywood su ka riƙa kukan an janye masu kasuwa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa mutanen mu na da yunwar jin labarin duniya da harshen su. Sai dai ɗora murya na da tata illar. Muryar ɗan wasa rabin wasan sa ce, in ka cire ta ka cire rabin sa. Sannan mai ɗora murya na da damar ƙara gishiri: ya sa barkwanci inda ake makoki, ya sa habaicin 'yan Kano a bakin ɗan sandan Madras. Daɗi kam akwai, amma sau da yawa fim biyu ne ke tafiya a lokaci guda, na darakta da na mai fassara, kai kuma ba ka da hanyar tantancewa. Rubutu a ƙasan allo ya na barin fim ɗin yadda mai shi ya yi shi. Kamata ya yi a ce mu na da duka biyun, kowa ya zaɓa.

Namu na gida

Mu juyo kan finafinan mu, inda abin ya fi ciwo. Tun daga Turmin Danya a 1990, an ɗauki shekaru ana yin fim don Bahaushe kaɗai, babu ruwan kowa da fassara. Buɗe tashar Africa Magic Hausa a 2010, da Arewa24 a 2014, sannan komawar harka YouTube da dogon zango irin su Izzar So da Labarina, su su ka sa fassarar Turanci ta zama dole, domin yanzu mai kallo na iya zama a Enugu ko Accra ko Landan. An samu cigaba, musamman a manyan shirye-shirye, ba za a ƙi faɗa ba. Amma har gobe a yawancin finafinai fassara ita ce aikin ƙarshe, wanda ake tunawa da shi bayan kuɗi sun ƙare. An biya jarumi, an biya mai kwalliya, an biya mawaƙi, sai a miƙa wa wani yaro a ɗakin tace hoto a ce ya gama kafin gobe, don an ji ya na ɗan taɓa Turanci.

Kurakuran nahawu da na haruffa su ne ake ɗauka a hoto ana yi mana dariya da su, amma ni ba su ne su ka fi damu na ba. Wanda ya fi muni shi ne kashe ma'ana. A ce mace ta yi yaji. Mai fassarar gaggawa zai kai ta kicin wurin barkono, alhali gidan su ta tafi. "Ya ci amana ta" ba cin abinci ba ne. "Sannu" ɗaya na iya zama gaisuwa, ko jaje, ko yabo, ko baƙar magana, ya danganta da bakin da ta fito. Kalmar kishiya ɗauke ta ke da kishi a cikin ta, abin da takwarar ta ta Turanci ba ta da shi. Uwa ta ƙi kiran sunan ɗan farin ta, ta ce "wannan yaron". Bahaushe ya ji kunya da ƙauna, baƙo kuwa in ba a yi dabara ba sai ya ɗauka ƙiyayya ce. Taubasai su na yi wa juna tsiya, a rubuce sai ka rantse faɗa su ke. Ƙarfin fim ɗin Hausa a magana ya ke: habaici, karin magana, zaurance, shaguɓe. Ba mu da jiragen yaƙi ko motocin da ke fashewa. In fassara ta kashe maganar, me ya rage wa baƙo ya gani? Falo da kujeru.

Sannan kusan kullum a jikin hoton ake ƙona rubutun, ba a ware shi a fayil daban. Illar wannan uku ce. In an yi kuskure ya zauna har abada. Bahaushen da ba ya buƙata ba zai iya kashewa ba. Na uku, wanda ya fi girma, ba za a iya ɗora wani harshe ba. Maƙwabtan mu na Nijar da Kamaru da Chadi da Faransanci su ke aiki; ga Larabawa, ga masu Swahili. YouTube ya ba kowa damar ɗora fayil ɗin fassara na harsuna da yawa a ƙarƙashin bidiyo guda, kyauta. Mu ne dai ba mu ɗauka ba.

Kada a ce wannan ƙaramar magana ce. A Nuwamban 2019 masu Oscar su ka cire Lionheart na Genevieve Nnaji daga rukunin finafinan ƙasashen waje, saboda kusan duk maganar cikin sa Turanci ce. Dokar rukunin ita ce fiye da rabin maganar fim ta kasance ba Turanci ba, kuma a haɗo da fassarar Turanci sahihiya mai karantuwa. Wannan doka ƙofa ce ta buɗe wa harsunan gida. Fim ɗin da Nijeriya ta tura a shekarar da ta biyo baya, The Milkmaid, Hausa ce ta fi yawa a cikin sa, kuma Maryam Booth ta ci kyautar AMAA da shi a 2020. A 2024 kuma Mai Martaba na Prince Daniel, fim ɗin Hausa, shi ya wakilci ƙasar. Alƙalan da ke kallon irin waɗannan finafinai ba su jin ko "zo in kashe ka" da Hausa. Duk hazaƙar marubuci, duk zufar ɗan wasa, ta layi biyun nan za su isa gare su.

Hausa a ƙarƙashin Hausa

Akwai wata fassarar da ba mu ma fara tunanin ta ba: rubuta Hausar da ake faɗa, da Hausa. Wa zai amfana? Na farko kurame. Ɗaliban makarantar Tudun Maliki da dubban irin su na zaune a gidajen da ake kallon dogon zango kowane mako, kowa na dariya su na kallon bakin mutane. Na biyu masu koyon karatu. A Indiya wani malami, Brij Kothari, ya fito da dabara tun 1996 ta sa rubutun waƙoƙin fim a ƙasan allo da yaren da ake rera su, gidan talbijin na gwamnati ya ɗauka a shirye-shiryen waƙoƙi, don mai raunin karatu ya riƙa bin baitin da ya riga ya haddace da ido. A ƙasar da yara da yawa ke gama firamare ba su iya haɗa baƙi ba, amma sun haddace waƙoƙin fim tsaf, wace makarantar yaƙi da jahilci ce ta kai wannan araha?

Sai dai a kula da ƙugiya. Fayil ɗin da ba a adana shi da tsarin UTF-8 ba, haruffan ɓ da ɗ da ƙ za su koma akwatuna ko alamar tambaya. In kuma aka yar da ƙugiyar don gudun wahala, sai wadda ta ta da ƙura ta koma ta ta da kura.

Na san wani zai ce na'ura ta kusa ɗauke mana wannan aiki. Google Translate ya sa Hausa tun Disambar 2013, manhajar Whisper da ta fito a 2022 mai mai da magana rubutu ita ma ta lissafa Hausa cikin harsunan ta. Su na rage wahala, musamman wajen auna lokaci da yin daftarin farko. Amma na'ura daga rubutun da mutane su ka tara ta ke koyo, mu kuwa ba mu tara ba. Ba ta san yaji ba, ba ta san kara ba. Wanda ya miƙa mata fim ɗin sa ya tafi barci, zai farka ya tarar da irin fassarar faifan 'yan Chana.

Abin yi

Shawara ta ga furodusoshi ita ce a sa kuɗin fassara cikin kasafi tun ranar farko, a ba mai fassara rubutaccen labarin, a zaunar da shi da darakta, a samu mutum na biyu ya duba, a kuma rubuta sunan sa a jerin ma'aikata yadda za a san wanda za a yaba ko a zarga. A daina ƙona rubutu a jikin hoto. A ajiye fim tsaf, a yi fayil na Turanci, na Faransanci, na Hausa. Masu shirya bukukuwan karrama 'yan fim su ware kyautar gwarzon mai fassara. MOPPAN ta nemi haɗin kan Jami'ar Bayero, wadda ke da cibiya sukutum ta nazarin harsunan Nijeriya da fassara, a riƙa horas da matasa. Ɗaliban Hausa da na Turanci da na aikin jarida a jami'a da Poli ga aiki nan ya na jiran su. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 ta ke duba sutura da rawa, ta na iya ƙara duba rubutun da zai wakilce mu a idon duniya.

Ku kuma samari gwanayen farauta, wanda ya iya gyara fayil ɗin da ya tsere da daƙiƙa biyu, ya iya rubuta sabo. Manhajojin Subtitle Edit da Aegisub kyauta ne. Ku fara da abin da babu rigimar haƙƙin mallaka a kan sa, ko ku tunkari masu ƙananan finafinai da masu tashoshin YouTube na gida ku ce za ku yi masu, da izinin su, da sunan ku a jiki. Minti goma na fim zai ci maku yini guda a farko, kada wannan ya karya maku gwiwa. Ɗalibin Jakarta da ku ke cin gumin sa a kowane dare shi ma da minti goma ya fara.

Allah ya sa masu abin su ji. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Mai Duka ya kai mu.